Sassaƙen da Ya Cinye Iƙamata

Duk wanda ya zauna a Jidda ya san mutum ba ya cika mutum sai da iƙama a aljihu. Ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba, amma shi ne izinin zama, shi ne izinin aiki, shi ne abin da ke sa ka hango motar 'yan sanda ka ci gaba da tafiyarka ba ka waiwaya ba. Na yi shekaru ina bin katin nan kamar zautacce, na same shi, sannan na rasa shi a kan ɓawon itace. In na faɗa wa mutanen garinmu haka sai su kwashe da dariya, su ce Ɗanlami ya iya tsara zance. To ga yadda aka yi.

Wanda ya yi mini hanya daga Kano ya rantse cewa direban gida zan yi, wai har ɗaki mai sanyi an ware mini. Da na sauka wani mutum mai jan hirami ya tarye ni, ya karɓi fasfona ya ce zai kai wa kafili, wato mutumin da zan zauna a ƙarƙashin sunansa. Ya ajiye ni a ƙofar wani shagon taya a unguwar Sharafiyya, ya ce in jira shi ya sha shayi. Har yau shayin nan yake sha.

A Sharafiyya na koyi wankin mota, na koyi gudu. Da zarar wani ya ce ga su nan, wato 'yan sanda, sai ka watsar da bokiti da tsumma ka faɗa lungu. Muna kwana a saman wani tsohon bene mu da yawa, Yamanawa da Habashawa da 'yan Nijar, kowa da jakarsa a ƙarƙashin kai. Zafin Jidda da gumi yake zuwa, iska ma a jiƙe take, rigarka ba ta bushewa. In na kira gida matata Rabi ta tambaye ni aiki, sai in ce lafiya lau, maigidan nawa mutumin kirki ne. Ina kashe waya sai in juya wa mutane baya don kada su ga idona. Ni mutum ne mai saurin fushi tun ina yaro, amma a garin nan na rasa wanda zan yi wa fushin. Abin da ya fi damuna ma ba yunwa ba ne, rashin wanda zai kira sunana ne. Kowa ya ce ya Muhammad, kowa ya ce ya Takruni, wato baƙin mutumin Afirka.

Zazzaɓi ne ya kayar da ni a bakin wani masallaci bayan la'asar. Ina jin mutane suna tsallake ni, sai wata murya ta ce, "Kai yaro, ɗan ina ne kai?" Na buɗe ido na ga wani tsoho siriri da zabira a rataye. Na ce masa daga Ringim. Ya ce, "Ashe ɗana ne. Tashi, ba a mutuwa a ƙofar masallacin mutane, sai ka ja musu magana."

Shi ne Baba Haruna. Wanzami ne, mutumin wajen Gumel, ya zo aikin hajji tun gashinsa yana baƙi bai koma ba. Yana aski, yana ƙaho, yana haɗa magani, kuma ba shi da takarda ko ta naɗe ƙosai. Ɗan yatsansa manuni na dama guntu ne, aska ta cire masa kai tun yana koyon sana'a, kuma da guntun nan yake nuna mutum in yana faɗa. Ya kai ni gidansa a unguwar Nuzla, ɗaki biyu a ƙarshen wani lungu da ko keke sai an karkata shi. Matarsa Iya Sa'a haihuwar Jidda ce, kakanninta ne suka zo da ƙafa. Hausarta a cakuɗe take da Larabci. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ya Haruna, ish haza, mene ne wannan? Wannan ai ƙashi ne ka kwaso mini. Ta'al ya waladi, zo ɗana, zauna." Allah bai ba su haihuwa ba. Daga ranar nan kwanon da aka zuba mini kunu ya zama kwanona.

Iya ce ta samo mini iƙama. Ta daɗe tana yi wa mahaifiyar wani ɗan kasuwar kayan marmari girki, Iya ce ma ta goyi mutumin. Da hukuma ta ba da damar gyaran takardu, sai ta yafa abayarta ta je ta zauna a ƙofar ofishinsa, ta ce ba za ta tashi ba sai ya ɗauke ni. Aka yi ta kai da kawo, aka sake mini fasfo, aka ɗauki hoton yatsuna, rannan sai ga kati a hannuna. Na kawo mata ta juya shi gaba da baya, ita da ba ta taɓa mallakar irinsa ba, ta ce, "Hoton bai yi kyau ba, amma halas, shi ke nan, ka zama mutum." Na yi kuka ranar, ban ɓoye ba.

Aikina tuƙa motar kaya ce zuwa tsaunukan kudu, can gaba da Ɗa'ifa, in ɗauko rumman da inabi da zuma. Wanda bai je ba ba zai yarda cewa ƙasa ɗaya ce da Jidda ba. Kana hawa kunnenka yana toshewa, sanyi yana shigowa, har ka kai inda gajimare ke yawo a kan titi kamar awaki. Gonar da nake lodi wani Bahaushen Sudan ne ke kula da ita, sunansa Usman, kuma bayan gonar akwai dajin da hukuma ta killace da waya. Itatuwan cikinsa ana kiransu ar'ar. Jikinsu a murɗe yake kamar an matse wanki, ganyensu sirara ne ba sa kaɗewa, kuma wani abu fari-fari yana reto daga rassansu kamar gemun tsofaffi. In iska ta taso daga can, ƙamshin turaren wuta take kawowa. Ranar da na fara zuwa Usman ya ja mini kunne. Ya ce, "Ya zol, kai mutumina, ka ga waɗannan? Wasu sun girmi duk garuruwan da ka sani. Ko reshen da ya faɗo da kansa kada ka ɗauka. Akwai masu gadi, kuma baƙo in an kama shi, sai jirgi." Na ce masa ni da itace sai dai inuwa.

Ana nan Iya ta kwanta. Tari ne ya fara, ya koma numfashi, har ta kai ba ta iya kwanciya sai a jingine. Muka kai ta wani asibitin kuɗi, likita ya duba ya sake dubawa, ya ja mu gefe ya ce mu kai ta gida mu kula da ita. Baba ya haɗa duk abin da ya sani, ba a dace ba. Shi ke juya ta, shi ke ba ta ruwa a cokali, shi ke wanke ta. In ya fita ƙofar gida ma sai ka ji tana kira, "Fen Haruna?", wato ina Haruna.

Wata safiya ina shirin tafiya ya biyo ni bakin mota. Ya ce Iya ta tuna mahaifiyarta tana dafa mata ar'ar in ƙirjinta ya kama tana yarinya. Na ce ai ana sayar da ganyensa a shagon masu kayan ƙamshi, bari in sayo. Ya girgiza kai.

"Wannan mataccen ganye ne, ya sha rana ya sha hannu. Sassaƙe nake so, daga tsohon itace, gabas da yamma. Kuma ni zan sassaƙo da hannuna."

"Baba, an hana. An kewaye dajin da waya."

"Ba sare shi zan yi ba. Tun kafin a haifi ubanka nake sassaƙe, ban taɓa kashe itace ba. Sallama zan yi masa, in roƙe shi kaɗan."

Sai raina ya ɓaci. Na ce masa nan ba dajin Gumel ba ne da kowa zai shiga da gizago. Na ce ba shi da takarda, shingen bincike nawa ne a hanya, in aka kama shi a motata ni da shi duka mun tashi. Na ce in aka sa shi a jirgi wa zai juya Iya, wa zai amsa in ta kira. Na ɗaga masa murya a lungu har maƙwabta suna leƙowa, tsohon da ya tsince ni a ƙasa. Ko guntun yatsan bai ɗaga mini ba. Da na yi shiru sai muka ji numfashinta daga cikin ɗaki, yana fita da ƙara kamar ana jan zarto. Ya ce, "Ɗanlami, in zauna in yi ta sauraron wannan ke nan, hannuna a naɗe?" Na buɗe masa bayan mota. Wata maƙwabciya ta karɓi jinya, Baba ya ce wa Iya ƙaho zai je yi wa wani a bayan gari.

A ƙarƙashin kwandunan roba na ɓoye shi, na ba shi gorar ruwa. Duk shingen da muka iso sai in miƙa iƙamata ina murmushi. Wani ɗan sanda ya zagaya ya bubbuga kwandunan da hannu, na ji kamar a ƙirjina yake bugawa. In mun wuce sai in tsaya in leƙa, in ga tsoho ya jiƙe sharkaf, yana ce mini, "Yalla, mu je, ban mutu ba." Da Usman ya gan shi yana saukowa daga cikin kwanduna, ya ji abin da ya kawo mu, sai ya riƙe kai. Ya ce shi bai gan mu ba, bai ji mu ba. Amma ya nuna mana da haɓa inda birai suka ɓalle wayar.

Cikin dajin shiru ne irin wanda ban taɓa ji ba. Gajimare ya sauko har ba ka ganin abin da ke gabanka sosai, ruwa yana ɗiga daga gemun itatuwa. Baba ya yi ta wuce su yana dubawa kamar mai zaɓen rago, har ya tsaya gaban wani da mutum uku ba za su rungume shi ba. Rabin samansa ya bushe, rabi yana da rai. Ya cire takalmi. Ya ce, "Salamu alaikum, dattijo. Magani na zo nema, ba ɓarna ba. Matata ce ba lafiya." Ya tambaye ni ina gabas, na nuna masa. Ya yi bisimilla ya sassaƙi kamar faɗin tafin hannu, ya sa a zabira. Ya zagaya yamma ya sassaƙa, ya miƙo mini ɓawon da gizagon ya ce in riƙe.

Na ce, "To mu tafi."

Ya ce, "A bar shi da ciwo a buɗe? Haka aka koya maka?" A sana'arsu, in ka sassaƙi itace sai ka shafe wurin da ɗanyar laka don kada rana da ƙwari su shiga. Na ce masa don girman Allah ya bar zancen laka. Ko juyowa bai yi ba, ya gangara wani kwari inda muke jin ƙarar ruwa, gajimare ya haɗiye shi.

Ina tsaye da gizago a hannun dama, ɓawo a hagu, sai na ji takun mutum a bayana. Mai gadin dajin ne, dattijo mai furfura a gemu, da kakin aiki da wayar oba-oba a kafaɗa. Bai fara da ni ba. Wurin itacen ya nufa, ya ɗora tafinsa a kan saran, ya daɗe a haka. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya ce da Larabci, "Ka san me ka taɓa? Kakan kakana ya yi ƙailula a ƙarƙashin wannan. Ƙarancin ruwa yana cinye su daga sama, muna lallaɓa su ɗaya-ɗaya, kai kuma ka zo da ƙarfe." Na ce uwata ce ba lafiya. Ya ce duk wanda ya kama, haka yake cewa, uwarsa ba lafiya. Sannan ya tambaye ni, "Kai kaɗai ne?"

A daidai lokacin na ji tsakuwa tana gangarawa daga wajen kwarin. Baba ne ke hawowa. Na san in ya fito za a ce ya kawo iƙama, kuma daga nan sai gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, Iya kuwa za ta yi ta kiran Haruna har ranta ya fita. Na kuma san abin da ke aljihuna da irin wuyar da na sha kafin in same shi. Ba zan ce ban yi tunanin Rabi ba, na yi. Sai na zube a ƙasa na ɗaga hannu sama kamar mai kururuwar neman gafara, na ƙwala da Hausa iya ƙarfina, "Baba kada ka fito! An kama ni! Koma wajen Usman, ka tafi wurin Iya! In ka fito ban yafe maka ba!"

Tsakuwar ta yi shiru. Mai gadin ya ce da wa nake magana. Na ce da Ubangijina. Ya kalle ni, ya kalli gajimaren, ya miƙo hannu ya ce, "Iƙama." Na ciro ta na ba shi, kuma ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Washegari aka fito da ni daga inda aka tsare ni, aka mayar da ni dajin tare da wani jami'i matashi da zai ɗauki hoton ɓarnar. Gari ya washe, rana ta fito. Muna isa gindin itacen sai na tsaya cak. An shafe saran da laka, gabas da yamma, an lailaye shi sumul kamar yaɓen ɗakin amarya. Wato tsohon nan, bayan duk ihun da na yi, sai da ya laɓe ya jira muka tafi, ya fito ya gama aikinsa. A raina na zage shi, na kuma ji kamar in rungume shi. Ga shatin hannunsa nan a jikin lakar ɓaro-ɓaro, yatsa huɗu cikakku da guntu ɗaya.

Mai gadin ya tsuguna ya duba shatin. Ya juyo ya kalli hannayena da ke cikin ankwa, yatsuna goma cif. Na sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, yanzu za a bazama neman na biyu, a tare hanya, a juye gonar Usman. Jami'in ya ce, "Wa ya shafa wannan? Jiya an ce a buɗe yake."

Dattijon ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce, "Ni ne. Na dawo da yamma na rufe shi." Ya sa tafinsa ya goge shatin, kamar mai gyara aikinsa.

A hanyar komawa, da jami'in ya sauka sayen ruwa, mai gadin ya yi magana bai waiwayo ba. Ya ce, "Uwar taka, akwai mai kula da ita?" Na ce akwai. Ya ce, "Halas." Bai sassauta mini komai a rahotonsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Itacensa aka yanka.

Sauran labarin ba shi da daɗi. Aka yanka mini tarar da ko sayar da ni aka yi ba zan biya ba. Kafilina ya zo ya ɗauki motarsa, ya ce na ci amanarsa na shiga da sunansa cikin abin kunya, ya sa hannu a kan takardar fitata daga ƙasar har abada. Aka dawo da ni Jidda a motar da ba ta da taga, aka zuba ni a gidan tarhil cikin ɗaruruwan mutane, kowa yana jiran jirgin ƙasarsa. Abin da ke cina a wurin nan bai wuce ɗaya ba: ban san ko Baba ya isa gida ba. Tsoho ba takarda, a kan tsauni, da duk shingayen nan a gabansa. In an kama shi a hanya, to na yi asarar banza ke nan.

Ana gobe za a kwashe mu wani ɗan Nijar ya ara mini waya. Na buga lambar gidan Nuzla. Ta yi ta ƙara, har na fid da rai, sai aka ɗauka. Numfashin na fara ji kafin muryar.

"Min? Wa ke nan? Ɗanlami? Ya waladi, fenak? Haruna ya ce an tura ka Riyad da kaya."

Na ce, "E, Iya, aiki ne ya yi yawa. Yaya jikin?"

"Alhamdu lillah. Ya dafa mini ar'ar, irin na ummi sak. Ɗakin duk ƙamshi." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Kana cin abinci kuwa? Kwanonka yana nan, na hana kowa taɓawa. Yaushe za ka dawo?"

Na ce na kusa. Iya ba ta tashi daga ciwon nan ba, ina gida Ringim labarin rasuwarta ya iske ni, aka ce a jingine da ƙirjin mijinta ta cika. Amma a ranar, ina tsugune a jikin bangon tarhil da wayar aro a kunne, ban san wannan ba tukuna. Abin da na ji shi ne ƙarar cokali a jikin kofi, sannan wata murya kusa da ita, kusa sosai, tana cewa, "Sa'a, ya isa haka, za ki tayar da tarin. Buɗe bakin ki sha."